Daga Rumfar Albasa: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Waɗanda suka saba leƙo wannan shafi sun lura mako shida ke nan ban ce uffan ba. Wani bawan Allah daga Lome har cewa ya yi ko albasa ce ta yi kuɗi na manta da talakawa. Lafiya lau nake, alhamdu lillahi, albasa kuwa kakarta ake, arha take kamar a ba ka kyauta. Wani abu ne ya same ni wanda ban taɓa kawo shi a raina ba, kuma na yi ta jan ƙafa wajen rubuta shi saboda akwai kunya a ciki. Uwargida ce ta ce in ban rubuta ba, gobe wani zai faɗa ramin da muka faɗa, alhakinsa kuma yana wuyana. To ga shi nan, ku gyara zama.

Shekara 17 ke nan ina zaune a Tamale. Na zo daga Madawa ta ƙasar Nijar a 2008, ina bin motar albasa ina kwana a kan buhu, har Allah ya hore mini rumfa tawa ta kaina a kasuwar Aboabo. Shekara tara muka yi a gida ɗaya a Sabonjida, ɗaki biyu a gidan haya na mutane da yawa, ni da uwargida da yara huɗu. A farkon bana mai gidan ya kira ni ya ce ɗansa zai yi aure, yana bukatar ɗakunan, ya ba ni wata uku. Bai zalunce ni ba, gidansa ne.

Wanda ya taɓa neman gidan haya a Gana ya san wahalar. Dillali ba ya ɗaga ƙafa sai ka ba shi kuɗin gani, kai za ka biya yalo-yalo zuwa da dawowa, a kai ka gidan da a waya aka ce fada ce, ka tarar ko akuya sai ta yi shawara kafin ta kwana a ciki. Sannan ga kuɗin gaba. Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma je ka faɗa masa haka ka ga yadda zai nuna maka ƙofa.

Bayan mun sha yawo, muka dace da wani gida ta wajen Kalpohin. Ciki biyu da falo, banɗaki a ciki, ga katanga, ga tankin ruwa, wanda duk mazaunin Tamale ya san darajarsa in rani ya yi tsanani famfo ya ɗauke. Sidi 900 a wata, shekara ɗaya a gaba. Uwargida ta shiga kicin ɗin ta fito ba ta ce komai ba, amma na ga fuskarta. Nan take na ajiye sidi 3,000 kafin alƙalami, aka ba ni rasit. Mai gidan yana Jamus, yayarsa ce ke kula da shi, wata dattijuwa 'yar Dagomba mai fara'a, Hausa a bakinta kamar 'yar zango. Ta ce saura abu ɗaya: ƙanenta ba ya sa kowa a gidansa sai wani kamfani da yake hulɗa da shi a Akra ya bincika mutum. In turo hoton katina ta WhatsApp, kwana uku an gama. Na yi dariya na ce, "Hajiya, ko kwana talatin ne a bincika." Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Na tura.

Kafin in wuce, bari in yi wa masu gidaje adalci. Tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. Tun da aka sace 'yan matan Takoradi a 2018, aka kuma sace wasu 'yan mata biyu 'yan Kanada a Kumasi a watan Yunin 2019, aka sami baƙi cikin waɗanda aka kama, masu gidaje suka fara ɗari-ɗari da baƙo. Hukumar shige da fice ta sha gargaɗinsu kada su ba wanda ba shi da takardar zama haya. A 2022 kuma gwamnati ta fito da gangamin cewa in ka ga abin da bai kwanta maka ba ka sanar, ga halin da Burkina ke ciki, ga mu a arewa, iyaka ba nisa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ni ma da gidana ne, zan so in san wa zan ba makulli.

Kwana uku suka wuce, huɗu, biyar. Dillalin da ke kirana sau uku a wuni ya daina ɗaukar wayata. Ran na shida na rufe rumfa da wuri na tafi gidan Hajiya. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, amma ta ƙi haɗa ido da ni. Da ƙyar ta ce:

"Malam, ka yi haƙuri. Ƙanena ya ce a mayar maka da kuɗinka."

Na ce, "Hajiya, lafiya? An sami wanda ya fi ni kuɗi ne?"

Ta ce, "Ba haka ba ne. An ce ka taɓa zaman gidan yari."

Jama'a, jikina ya yi sanyi har ƙafa. Ni da ko bayan kanta ban taɓa shiga ba. Na roƙe ta ta nuna mini abin da aka turo. Ta yi jim, sannan ta miƙo mini waya. Takarda ce shafi ɗaya da tambarin kamfani a sama. Turancina na kasuwa ne, amma ya isa in gane. Ga sunana, ga na mahaifina, ga ranar haihuwa 1 ga Janairu da shekarar da ke katina. A ƙasa an rubuta cewa wata kotu a kudu ta ɗaure mai wannan suna wata 18 a 2010 kan satar babur. Babu hoto, babu zanen yatsa, babu lambar kati. Na ce don Allah ta turo mini, ta turo. Ba wayona ba ne, Allah ne ya sa na tuna. Da na fice cikin fushi hannu rabbana, da har yau ban san da me nake faɗa ba.

Magana zarar bunu ce. Dillali ya gaya wa abokinsa, abokin ya gaya wa matarsa, matar kuwa gidansu ɗaya da mai tumatir ɗin da ke kusa da rumfata. Cikin kwana biyu na ga mutanen da muke cin tuwo kwano ɗaya suna gaishe ni a tsaitsaye. Sai waya daga Galmi. Mutumin da shekara goma yake loda mini buhu 200 in sayar in aika masa kuɗinsa, ba takarda ba sa hannu, ya ce, "Wannan karon dai a fara turo rabi." Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Ku 'yan kasuwa ne, kun san abin da ke aljihunmu bai kai rabin jarinmu ba, sauran duk amana ce. Ranar da aka fara cewa a turo rabi, ranar jari ya fara yoyo.

Amma abin da ya fi ci mini rai a gida ya faru. Babbar 'yata, mai shekara 12, ta dawo daga Islamiyya ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Sai da uwarta ta matsa mata ta ce wata yarinya ce ta kira ta 'yar ɓarawon babur. Da dare, yara sun yi barci, uwargida ta zauna bakin gado ta ce:

"Malam, zan tambaye ka abu ɗaya, kada ka yi fushi. A 2010 ban san ka ba. Tsakaninka da Allah, akwai abin da ya kamata in sani?"

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na fita tsakar gida na zauna a benci har wajen ƙarfe biyu. Da zuciya ta sauka na ga gaskiyarta. A 2011 muka yi aure, ni baƙo ne, da kayana a buhu na zo garin. Takarda mai tambari ta faɗi abu, mijinta ya faɗi wani. Na koma na ce mata wallahi babu. Ta ce shi ke nan, ta tashi ta jawo akwatin lefenta daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa cikin leda, ga tsohon fasfona da na ce ta jefar tun tuni don wa'adinsa ya ƙare. Muka haska fitilar waya muna buɗe shafi. A watannin da aka ce ina kurkuku, ga hatimin iyakar Kulungugu ta wajen Bawku, shiga da fita har sau bakwai. Ta dube ni ta ce, "To fursuna mai yawo, gobe sai ka tashi ka nemi haƙƙinka."

Washegari na fara da Kawu, dattijon da ya riƙe ni lokacin da na zo garin nan, yanzu ya haura 80. Shawararsa gajeriya ce: "Ɗana, baƙo ba ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Karɓi kuɗinka, nemi wani gida, ka bar wa Allah." Ban ga laifinsa ba. Kawu yana saurayi a Kumasi ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ya ga mutanen da suka haifi 'ya'ya da jikoki a zango suna karyar da kayansu suna hawa lori da tabarma. Tun daga ranar su Kawu ba sa son abin da zai kai su gaban teburin hukuma, kuma wannan tsoro mun gaje shi, ko mun sani ko ba mu sani ba. Dillali kuwa, da ya ga dama ya ɗauki waya, tasa shawarar ita ce in kawo wani abu, ya san wanda zai goge sunan. Na ce a goge me? Ai ranar da na biya, ranar na amsa laifi.

Wanda ya buɗe mini ido ɗan maƙwabcina ne, yaron da nake aika sayen katin waya, yanzu ya gama karatun lauya. Ya karanta takardar sau biyu ya ce, "Baba, wannan ai ba takardar 'yan sanda ba ce. Kamfani ne ya buga sunanka a kwamfuta, ya ga mai kama da shi cikin labaran kotu da ya tara, ya ce kai ne." Ya nuna mini abin da ban lura ba. Sunan da ke sama, wanda aka kwafo daga katina, rubutun Faransanci ne. Na ƙasa, na wanda aka ɗaure, rubutun nan Gana ne. Wani ma'aikaci ne ya duba ya ce ai duk ɗaya ne.

A nan nake so mai karatu ya tsaya, domin ramin nan namu ne mu duka. Sunayenmu kaɗan ne, mu kuwa muna da yawa. Tsaya a tsakiyar Aboabo ka kira sunana da na mahaifina, wallahi sai mutum biyar sun waiwayo, Bahaushe da Dagomba da Bazabarme. Ba mu da sunan dangi irin na mutanen kudu, naka ne da na ubanka, wani akawu ya sa naka a gaba, wani ya sa na uban. Sannan suna ɗaya riga uku gare shi. Abubakar na Sakkwato shi ne Aboubacar ko Boubacar a takardar Nijar, shi ne Abukari ko Bukari a nan. Yusuf ya zama Issoufou, ya zama Issifu. Husaini a bakin Dagomba Fuseini ne, Sa'idu kuma Seidu. Sai ranar haihuwa. Da yawanmu a ƙauye aka haife mu, takardar Nijar ta rubuta an haife ka wajen shekara kaza, ba wata ba rana. Kwamfuta kuwa sai an cika mata gurbi, sai a sa mata 1 ga Janairu. In da gaske ne, da ungozomomin ƙasar Hausa ba su taɓa runtsawa a daren sabuwar shekara ba. To haɗa suna ɗaya, uba ɗaya, rana ɗaya, kwamfuta ta ce mutum ɗaya ne. Hausawa kuwa tun ba a ƙirƙiro ta ba suka ce kama da wane ba ta wane.

Abin da ba ya kama da na kowa shi ne zanen yatsa. Shi ya sa yaron nan ya ce in nemi takardar shaidar rashin laifi ta 'yan sandan Gana, wadda sashen CID ke bayarwa, domin su yatsun mutum suke ɗauka su gwada da waɗanda ke ajiye a wurinsu. Da yake ina da kayan da za su sauka a Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa ta Agbogbloshie a 2021, sai na bi motar, tafiyar kilomita 600 da wani abu, na wuce hedikwatar CID a Akra. Gabana na faɗuwa, maganar Kawu na yi mini yawo a ka. Na kai fasfo da katin Gana na baƙi da takardar zama da hotuna, na cike fom, na biya aka ba ni rasit, aka ɗauki yatsuna. Babu wanda ya ɗaga mini murya. A layin akwai mai neman biza, akwai mai neman aikin banki, akwai malamar asibiti mai shirin tafiya Ingila. Ashe abin da muke gudu, mutane layi suke bi su karɓa. Bayan mako biyu takarda ta fito, babu laifin komai a rubuce a kaina.

Lauyanmu bai tsaya nan ba. Ya ce, "Baba, in ka tsaya a kan Hajiya, ka share ɗaki ne ka bar shara a bakin ƙofa. Gobe wani mai gida zai tambayi kamfanin nan, su sake turo takarda iri ɗaya." Gana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843. Sashe na 33 ya ba ka damar neman duk wanda ke riƙe da bayani a kanka ya gyara shi ko ya goge shi in ba daidai ba ne, kuma akwai hukumar da aka kafa don a kai mata ƙorafi in an ƙi. Dokar ba ta ce sai ɗan ƙasa ba, cewa ta yi mutumin da bayanin ya shafa. Ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya, muka haɗa da kwafin takardar 'yan sanda da shafukan tsohon fasfo, muka aika, muka riƙe shaidar aikawa. Kwana takwas shiru. Ya sake rubutawa, wannan karon ya ambaci hukumar. Kwana biyu sai ga amsa: kuskuren kamannin suna ne, sun cire, suna ba da haƙuri. Layi uku, bayan mako biyar na rashin barci.

Takarda ta wanke ni a ofis, amma kasuwa ba ta karanta takarda. Nan ne na koma wa Kawu, nan ne kuma nasa ilimin ya yi aiki. Ya tuna mini yadda kakanninmu fatake suke yi a Salaga zamanin cinikin goro. Baƙo ba ya sauka a gari haka kawai, sai a hannun maigida, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa. In an tambayi wane ne wannan, cewa ake baƙon wane ne. Kawu ya sa babbar rigarsa ya ɗauki sanda, muka je wajen shugaban 'yan albasa, daga nan fadar Sarkin Zango, daga nan wajen asambuliman, wato wakilin unguwarmu a majalisar gari. Ko'ina na ajiye takardun biyu a gabansu, ta ƙarya da ta gaskiya. Ran Juma'a bayan an sauko, shugabanmu ya tara 'yan rumfa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ya kira Galmi a gabana ya ce, "In buhu ɗaya ya salwanta a hannunsa, ni za a tambaya." Mako na gaba mota ta taso, ba a ce a turo rabi ba.

Gidan Kalpohin fa? Ya tafi. Kafin takardu su fito an ba wani, rabonsa ne. Dillali ya so ya cire kasonsa daga kafin alƙalamina, da na nuna masa rasit na ambaci ofishin kula da haya na gwamnati, wanda kowa ke kira Rent Control, sai kuɗina suka dawo cif. Uwargida ta yi kukan kicin ɗin nan a ɓoye, na sani, ko da ba ta faɗa ba.

Wata safiya ina jera kaya sai ga Hajiya ta sauko daga yalo-yalo da kanta. Ta tsaya a bakin rumfa, a gaban mai tumatir da kowa da kowa, ta ce, "Gafara, Malam." Kalmar nan ɗaya ce a Hausa da Dagbani. Ta ce ta ɗauki alhakina, ta kuma gaya wa ƙanenta daga yau duk wanda za a bincika yatsa za a bi. Ita ce ta haɗa ni da wani ɗan uwanta mai gida a Choggu. Bai kai na farko ba, babu tanki, sai mun sayi ruwa, amma mun tare makon jiya, saura kwana huɗu wa'adinmu ya cika. 'Yata kuwa ta ɗauki kwafin takardar 'yan sanda ta sa a jakar Islamiyya. Na ce ba sai ta kai ba. Ta ce, "Baba, ba zan nuna wa kowa ba, ina so dai in san yana jakar." Har yau yana nan.

To 'yan uwa, ga abin da na koya da kuɗina da hawayen iyalina, ku karɓa kyauta.

In an hana ku gida saboda wai an bincika an ga wani abu, kada fushi ko kunya su fitar da ku. Ku nemi a nuna muku takardar, ku karɓi kwafi, ku san wa ya rubuta ta. Ku duba ko akwai hoto, ko lambar kati, ko yatsa. In suna ne kaɗai da ranar haihuwa, zato ne aka buga wa tambari. Kada ku ba kowa ko kwabo don ya goge, ku je ku ba da yatsa, sannan ku bi ƙaryar har inda ta fito a rubuce. Wanda ba shi da lauya a maƙwabta, akwai hukumar taimakon shari'a ta gwamnati, Legal Aid, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, duka suna da ofis a nan Tamale.

Yau da dare ku fito da takardun gida duka ku baje a tabarma: fasfo, kati, takardar zama, takardun haihuwa da na makarantar yara. Ku duba ko suna iri ɗaya aka rubuta, harafi da harafi, jeri ɗaya. Mun yi namu, muka tarar yarana huɗu, uba ɗaya, amma sunana kala uku ne a takardunsu. Inda aka sami saɓani a je a yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, a gyara tun yaro bai kai jarrabawar BECE ba. Kuma kada a jefar da tsohon fasfo. A ba mata su ajiye, sun fi mu iyawa.

Kada kuma takarda ta sa mu watsar da mutane. Shiga ƙungiyar sana'arka, je suna, je jana'iza, bari sarkin zangonka ya san fuskarka tun ba ka da matsala. Takardar CID ba za ta iya kiran Galmi ba, Kawu ma ba zai iya sa kamfanin Akra ya goge layi ba. Sai da aka haɗa biyun na tsira.

Saura abu biyu da ke damuna, ba zan rufe ba sai na faɗa. Bara wani ya turo hoton wani saurayi a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, an rubuta ɓarawon waya ne, a kula. Ban san shi ba, ban tambayi kowa ba, na tura wa zaure uku. Daren da na zauna a benci, fuskar yaron nan ce ta yi ta zuwar mini. Allah ya yafe mini, shi ma in yana karanta wannan ina roƙon ya yafe mini.

Na biyu, takwarana. Akwai wani mutum a ƙasar nan mai sunana da sunan ubana, wanda in takardar ta yi gaskiya a kansa, ya ɗauki babur a 2010, ya yi watanninsa 18 ya fito. Shekara 15 ke nan da laifin. Mako biyar na ɗanɗani rayuwarsa, na ji yadda ƙofa ke rufuwa kafin mutum ya gama sallama. Ni na sami takardar da ta fitar da ni. Shi fa, in ya tuba ya kama sana'a ya yi iyali, wace takarda zai nuna? Wa zai ce baƙona ne? Masu gidajen haya da ke cikinmu, daga Kumasi har Abijan, ga tambaya nan na bar muku. Ku rubuto, za mu buga.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar da na yi muku alkawari, ta aika kuɗi gida ta waya da abin da ake yankewa a hanya. Uwargida na gaishe ku, ta ce duk wanda zai zo mana barka da tarewa a Choggu ya taho da jarkar ruwansa. Sai mun sake saduwa.